Kuɗin Goro, Rabon Shiyya ko Taki-taki: Wace Hanya Za Ka Bi Ka Gane Inda Gangare Zai Zaftare?

A ƙarshen watan Oktoba na 2019, bayan an kwana ana tafka ruwa, gefen wani tudu ya sulmiyo kan gidaje a unguwar Gouache da ke Bafoussam, a yammacin Kamaru. Mutum fiye da 40 suka rasu, da yawansu mata da yara da ke barci. Allah ya jiƙansu. Ruwan nan bai zaɓi unguwa ba, ko'ina ya sauka a garin. Tuddai kuwa ga su nan jere a yankin, wasu ma sun fi wannan miƙewa. Amma yanki ɗaya ne ya tafi, maƙwabtansa suka tsaya cak.

Wannan ita ce tambayar da ke damun duk wanda aka ɗora wa aikin zana taswirar haɗarin zaftarewar ƙasa: me ya sa nan, ba can ba? Yawancin ƙasar Hausa shimfiɗaɗɗiya ce, abin da ya fi cin mana tuwo a ƙwarya shi ne zaizayar ƙasa da ambaliya. Sai dai injiniyan da aka tura gyaran hanyar hawan Mambila zuwa Gembu, ko ɗalibin da ke rubuta kundinsa a kan duwatsun Filato ko na Mandara, ko jami'in tsara gari a tuddan Kamaru, dole wata rana ya zauna gaban kwamfuta ya yanke shawarar irin lambobin da zai zuba wa ƙasar. Hanyoyi uku ne a gabansa, wato kuɗin goro da rabon shiyya da taki-taki, kuma kuɗin aikin ba ya taɓa isar duka ukun.

Zaftarewar da nake magana a kai ita ce mara zurfi: fatar ƙasa ta sama, mai kaurin mita ɗaya zuwa biyu ko uku, ta jiƙe ta sulale a kan dutse ko a kan ƙasa mai tauri da ke ƙarƙashinta. Ba ta ba da sanarwa kamar manyan da ke tafiya a hankali suna tsaga bango. In ta sami kwari ta bi, sai ta zama malalen laka da duwatsu mai gudun da ƙafa ba ta tsere masa.

Lissafin da kowa ke tsayawa a kansa

Duk hanyoyin uku uwarsu ɗaya. Ana auna ƙarfin da ke riƙe ƙasa, a raba shi da ƙarfin da ke janyo ta ƙasa. In amsar ta haura 1, gangaren yana tsaye. In ta gaza 1, ya tafi. Abin da ke riƙewa biyu ne: danƙon ƙasa haɗe da saiwoyin itatuwa, da kuma kaushin da ke hana ƙwayoyin ƙasa zamewa a kan juna. Abin da ke ja shi ne nauyi da miƙewar gangare. Ruwa kuma in ya cika ramukan ƙasa yana ɗaga ta, ya rage mata kaushin nan.

Bari mu gwada da misali na lissafi kawai. A ce gangare mai digiri 30, ƙasa mai kaurin mita 1, danƙo kilofaskal 5 (kilofaskal ma'aunin ƙarfi ne a kan faɗin wuri), kusurwar kaushi, wato ma'aunin kaushin nan, digiri 30, nauyinta kusan tan biyu a kowace kubik mita, ta kuma jiƙe sharkaf har sama. Amsar ita ce 1.09. Da ƙyar take tsaye, amma tana tsaye.

Yanzu mu taɓa abu ɗaya-ɗaya. In kusurwar kaushi ta sauka zuwa 27, amsar ta zama 1.03, in ta hau 33 ta zama 1.15. Motsin kaɗan ne. In kaurin ƙasa ya ragu zuwa rabin mita, amsar ta yi tsalle zuwa 1.70, in ya ƙaru zuwa mita ɗaya da rabi ta faɗo 0.89. In danƙo ya sauka daga 5 zuwa 2, kamar inda aka sare itatuwa saiwoyinsu suka ruɓe, sai ka ga 0.73. In gangaren digiri 25 ne, 1.29, in 35 ne, 0.96. In ruwan rabin kaurin ƙasar kawai ya cika, 1.35.

Ka riƙe waɗannan lambobin, domin duk gardamar da ke tafe a kansu take. Abin da ake kai wa ɗakin gwaji a biya kuɗi mai yawa a auna, wato kusurwar kaushi, shi ne ya fi kowa rashin tasiri a misalin nan. Kauri da danƙo da ruwa da miƙewa su ne masu yanke hukunci, kuma su ne suka fi sauyawa daga taki zuwa taki. Kowane manomi ya san haka ba tare da an gaya masa ba: a gona ɗaya akwai jigawa, akwai laka, akwai inda fartanya ke karo da marmara tun a sara na biyu.

Kuɗin goro

Hanya ta farko ita ce a yi wa tudun kuɗin goro. A ɗebo ƙasa daga wuri uku ko biyar, a gwada, a fitar da matsakaici, a shafa wa duk yankin lamba ɗaya ta danƙo, ɗaya ta kaushi, ɗaya ta kauri. Abin da kawai ke sauyawa a taswirar shi ne siffar ƙasa: miƙewa, da faɗin filin da ke turo ruwa zuwa kowane wuri.

Kada a raina ta. Da haka David Montgomery da William Dietrich suka kafa tsarinsu na lissafi a kwamfuta a 1994, wanda aka fi sani da SHALSTAB, kuma ya yi aiki fiye da yadda sauƙinsa ke nunawa. Dalili shi ne siffar ƙasa ita kanta tana ɗauke da labari mai yawa. Inda gangare ya lotsa kamar cokali, nan ruwan ƙarƙashin ƙasa ke taruwa, nan kuma ƙasa ke taruwa ta yi kauri. Inda ya turo kamar hanci, ruwa watsewa yake. Tsarin yana jera wurare ne daga wanda ruwa kaɗan zai kayar zuwa wanda sai an yi kamar da bakin ƙwarya. Ga mai son sanin kwarin da zai fara leƙawa a cikin ƙaramar hukuma guda, cikin mako ɗaya kuma da kuɗi kaɗan, wannan ta wadatar.

Matsalarta tana cikin kalmar matsakaici. Gangare ba ya karyewa a matsakaicin ƙarfinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma matsakaici aikinsa ke nan ya shafe tsagar. Koma kan misalinmu: rabin tudun kaurinsa rabin mita, ɗaya rabin mita ɗaya da rabi. Matsakaici mita ɗaya, amsa 1.09, taswira ta fito kore shar. Alhali rabin tudun yana kan 0.89.

Wanda ya ji tsoron haka sai ya koma ɗaya gefen, ya zuba mafi munin lambobi ko'ina. Taswira ta fito jawur daga sama har ƙasa. Wannan ma cuta ce, don ba wanda zai tashi gari guda saboda takarda, kuma in damina biyu ta wuce ba abin da ya faru, ba mai sake duba taswirar. An daɗe da sanin cewa irin waɗannan tsare-tsare suna shafa ja a filin da ya ninka wanda ke zaftarewa a zahiri sau da yawa.

Rabon shiyya

Hanya ta biyu tana raba tudun gida-gida bisa abin da ido da guduma ke iya bambantawa: irin dutsen da ke ƙasa, irin ƙasar da ta samu daga gare shi, ko daji ne ko gona ko makiyaya, ko lotsawa ce ko hanci ko tsakiyar gangare. Kowace shiyya a ba ta lambobinta. Kuma a nan ne ake yin abin da ya fi muhimmanci: maimakon lamba ɗaya, a ba ta iyaka biyu. A ce danƙon wannan shiyya yana tsakanin kaza da kaza.

Tsarin kwamfuta na SINMAP, wanda Robert Pack da David Tarboton da Craig Goodwin suka fitar a 1998, a kan wannan tunani aka gina shi: kana ba shi ƙarami da babba na kowace lamba, kana kuma iya raba yanki zuwa shiyyoyi. TRIGRS na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wanda ya fito a 2002 aka sabunta a 2008, shi ma yana karɓar shiyyoyi, ya kuma ƙara wani abu: yana bin ruwan sama sa'a bayan sa'a yadda yake nutsewa, don haka yana iya faɗin lokacin da gangare zai fi rauni, ba wurin kaɗai ba. Kyauta ake sauke shi. Mai so yana iya sa kwamfuta ta maimaita lissafin sau ɗari ko dubu, kowane zagaye tana jefa ƙuri'a ta ɗauko lamba daga cikin iyakokin da aka ba ta. Abin da ke fitowa a ƙarshe ba "zai faɗi" ko "ba zai faɗi ba" ba ne, sai dai a ce cikin zagaye 1,000 wannan wurin ya faɗi sau 300. Ana kiran wannan dabarar Monte Carlo.

Abin da ya faru a Sarno ta kudancin Italiya ya nuna amfanin rabon. A ranakun 5 da 6 ga Mayu 1998, gangaren dutsen Pizzo d'Alvano ya saki a wurare fiye da ɗari, laka ta malalo kan Sarno da Quindici da Siano da Bracigliano, kimanin mutum 160 suka rasu. Dutsen na farar ƙasa ne, amma abin da ke lulluɓe da shi toka ce da tsakuwa mara nauyi da aman wutar Vesuvius ya zubo a lokuta daban-daban, hawa-hawa kamar gurasa a kwando. Wani hawan yana tsotse ruwa, wani yana barinsa ya wuce. Kaurin lulluɓin kuma ya bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri. Masu binciken da suka bi sawun zaftarewar sun tarar da yawa sun faro ne daga inda lulluɓin ya yanke: bakin hanyoyin da aka sara a jikin dutsen, da bakin tsagin dutse. Kuɗin goro ba zai taɓa ganin haka ba. Shiyyoyin da aka zana bisa kaurin toka, aka kuma ware gefen hanya a matsayin shiyya mai zaman kanta, za su kama wani kaso mai kyau.

Saiwa ma haka take. Awon da aka yi a tsaunukan gaɓar Oregon ta Amurka ya nuna ƙarfin da saiwoyi ke ƙara wa ƙasa a tsohon daji yana haura kilofaskal 25, amma inda aka yi wa daji ƙwal bai wuce 10 ba. Kuma haɗarin ba ranar sara yake zuwa ba. Sai bayan wasu shekaru, lokacin da tsofaffin saiwoyi suka ruɓe sababbi ba su kama ba. Saboda haka taswirar shiyya da ba ta tambayi shekarar da aka share gona ba, da sauranta.

Raunin wannan hanya shi ne tana ɗaukar kowace shiyya kamar ƙwarya ɗaya, a kuma bakin iyaka lambobi su yi tsalle kamar an ja layi da wuƙa, abin da ƙasa ba ta yi. Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. In ka bar kwamfuta tana jefa wa kowane ɗan murabba'in da aka yanka taswirar zuwa gare shi ƙuri'arsa shi kaɗai, ba ruwansa da maƙwabcinsa, za ka sami raunanan ɗigo-ɗigo warwatse kamar zanen zabuwa. A zahiri ɗigo ɗaya mai rauni ba ya zaftarewa, domin ƙasa da saiwoyin da ke kewaye da shi suna riƙe shi ta gefe. Sai raunin ya haɗu ya yi faɗin da nauyinsa ya rinjayi riƙon gefen. In kuma ka ba duk shiyyar ƙuri'a ɗaya a kowane zagaye, ka ce ke nan duk ta yi rauni tare ko ta yi ƙarfi tare. Gaskiya tana tsakanin biyun, kuma neman ta ne ya haifi hanya ta uku.

Taki-taki

Hanya ta uku tana tambayar abin da sauran suka tsallake: in na san ƙasar nan, har zuwa taki nawa sanin nawa zai yi amfani? Wurare biyu da ke kusa sun fi kama da juna fiye da na nesa, amma kamar tana dusashewa, har a kai tazarar da sanin ɗaya bai gaya maka komai game da ɗayan. Erik Vanmarcke ya shigo da wannan tazara cikin lissafin injiniyoyin ƙasa a 1977. Tushen tunanin kuwa daga ma'adinan zinaren Afirka ta Kudu ya fito, inda Danie Krige tun 1951 yake neman hanyar ƙiyasta arzikin da ke tsakanin rami da rami, Georges Matheron na Faransa ya zo ya ɗora shi a kan ƙa'idar lissafi. A ƙasa, tazarar nan gajeriya ce in ana nutsawa, mita ɗaya ko 'yan mitoci, amma a kwance takan kai gomman mitoci.

Da wannan tazara kwamfuta ke saƙa ɗaruruwan tuddai na ƙirƙira, kowanne da facin ƙarfi da facin rauni masu girman da ya dace, duk kuma sun yi daidai da abin da aka auna a ramukan gaske. Sai a gwada kowanne. Vaughan Griffiths da Gordon Fenton sun yi fice a wannan fanni, kuma abin da aikinsu ya nuna yana da nauyi: karyewa tana neman hanya mafi rauni ta bi, don haka wanda ya yi watsi da bambancin ƙasa yana iya raina haɗarin. A gangare mai hawa-hawa abin a fili yake, hawa ɗaya siriri mai rauni ya isa ya zama tabarmar da duk na samansa zai sulale a kai.

Ta fuskar ilimi babu wadda ta kai ta. Ta fuskar aiki kuwa akwai sharaɗi mai tsada. Kafin ka san tazarar nan da gaske, sai ka auna wurare da yawa. Richard Webster da Margaret Oliver sun nuna a 1992 cewa awo ƙasa da 100 bai isa a dogara da shi ba, 150 ya fi. Ka yi tunanin kai samfur 150 ɗakin gwaji don auna danƙo da kaushi, daga tudu ɗaya. Abin da ke faruwa a mafi yawan kundaye shi ne a auna wuri goma, a ari tazarar daga wata takarda da aka rubuta a kan wata ƙasa daban, a fitar da taswira mai kyan launi. Wannan yana ɓata min rai, domin taswirar tana da kamannin ilimi mai zurfi alhali ginshiƙinta aro ne, kuma wanda zai yanke shawara a kanta ba shi da hanyar ganewa.

Ko da an yi awon da gaske, akwai iyaka. A kusa da Coos Bay ta Oregon, masu bincike sun ɗauki wani ɗan kwari mai miƙewar kusan digiri 43, wanda faɗinsa bai kai filin ƙwallo ba, suka cika shi da na'urorin auna ruwan ƙasa, har ruwan sama na ƙirƙira suka yi masa don su ga yadda yake bi. A Nuwamba 1996 aka yi ruwa mai tsanani, kwarin ya zaftare da na'urorin a jikinsa. Abin da bayanan suka nuna shi ne ruwa yana shiga tsagogin dutsen da ke ƙarƙashi, ya bi ta ciki, ya ɓullo a wani wuri ya tunkuɗo ƙasa daga ƙasa. Tsagogin da ba a gani daga sama su ne suka tsara inda matsin ruwa ya taru. In wurin da aka yi wa irin wannan sa ido ya zo da abin da lissafin saman ƙasa bai hango ba, to mai ramuka goma ya sassauta da'awarsa.

Taswirar da ka ɗora komai a kanta

Kafin zaɓi akwai maganar da ta shafi duka ukun. Mafi yawanmu da taswirar tsayin ƙasa ta kyauta muke aiki, irin ta SRTM da jirgin sama jannati ya ɗauko a Fabrairu 2000, ko ta Copernicus. Kowane murabba'i nasu mita 30 ne a kan 30, wato murabba'in mita 900. Tabon zaftarewa mai faɗin mita 10 da tsawon 20 murabba'in mita 200 ne kawai. Lotsawar da ta haife shi ta ɓace a cikin ɗigo ɗaya, kuma irin wannan taswira tana kwantar da gangare, mai digiri 35 ya fito kamar bai kai ba. Ka tuna tazarar da ke tsakanin 0.96 da 1.29. Weihua Zhang da Montgomery sun ba da shawara tun 1994 cewa mita 10 ne daidai ga irin wannan aiki.

Taswirar ƙasa ta duniya ta SoilGrids kuwa mita 250 ce, ɗigo ɗaya ya haura hekta shida, tabo irin na sama fiye da 300 zai shige ciki. Tana da amfani wajen sanin yanki gaba ɗaya, amma ba a ɗauko kaurin ƙasar gangare daga cikinta. Ƙiyasin ruwan sama na tauraron ɗan'adam shi ma faɗin kilomita biyar zuwa goma yake ɗauka a dunƙule, alhali kowa ya san hadarin damina yana jiƙa wannan ƙauye ya bar na gaba da ƙura. Zuba lissafin taki-taki a kan irin waɗannan bayanai ɗinkin zare mai tsada ne a kan tsumma.

To wacce za ka ɗauka?

In yankin babba ne, ƙaramar hukuma ko doguwar hanya mai kilomita da yawa, kuma abin da ake so shi ne a san inda za a fara, yi kuɗin goro ba tare da jin kunya ba. Amma ka rubuta a jikin taswirar cewa jeri ne na fifiko, ba hukunci ba ne a kan gidan kowa, kuma ka gudanar da lissafin sau biyu ko uku da lambobi daban-daban ka ga wuraren da ba sa barin ja.

In gangare ɗaya ne, ƙarami, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ba ya ɗaukar kuskure, kamar madatsar ruwa ko asibiti ko makaranta, a nan taki-taki ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin a yi awon a wurin. Hong Kong ta bi tafarkin kula da kowane gangare shi kaɗai bayan masifar 18 ga Yuni 1972, ranar da zaftarewa biyu a Sau Mau Ping da titin Po Shan suka kashe mutum 138, da wata a 1976. A 1977 ta kafa ofishi na musamman, wanda ya yi wa kimanin gangare 60,000 da hannun mutum ya sara ko ya cike rajista, kowanne da lambarsa da mai alhakin kula da shi. Wannan aiki ne na gari mai kuɗi da ƙaramin fili.

Duk abin da ke tsakanin waɗannan biyun, wato unguwa a gindin tudu, ko kwari guda, ko 'yan kilomitocin hawan dutse, ni rabon shiyya nake zaɓa, da iyakoki biyu-biyu da jefa ƙuri'a. Kuma in kuɗin aikin a hannuna yake, ba ɗakin gwaji zan fara kai shi ba.

Kaso mafi girma kaurin ƙasa zan ba. Shi ne abu ɗaya da za a iya auna shi sau 150 ba tare da an talauce ba: rodi mai tsini da guduma, ko abin huda ƙasa na hannu, mutum biyu suna hawa suna bugawa har ya ƙi shiga, suna rubuta wurin da wayar hannu. A haƙa 'yan ramuka a tabbatar rodin dutse ya tarar ba ƙaton tsakuwa ba. Bakin hanyar da aka sara da bangon kwazazzabo kyauta suke nuna hawa-hawan ƙasa. Na'urar lantarkin da masu neman ruwan burtsatse ke shimfiɗawa tana iya nuna inda dutse ya faro a tsawon layi guda. Masu haƙa rijiya da masu haƙar ƙasar bulo na garin kuwa sun san inda ake tarar da dutse a zurfin gaba ɗaya da inda sai an yi gaba uku, a zauna da su a tambaye su da girmamawa. Da awo irin wannan kana iya yi wa kauri kaɗai lissafin taki-taki, ka bar danƙo da kaushi a shiyya. Wannan gaurayen ya fi kowace hanya ita kaɗai dacewa da aljihunmu.

Kaso na biyu siffar ƙasa: jirgi mara matuƙi ya ɗauki hoton tudun a fitar da taswira mai kyau, a rage ta zuwa mita 5 ko 10. A yi shi da rani bayan ciyawa ta kwanta, domin hoto saman ganye yake gani, ba ƙasa ba. Na uku a bi tudun da ƙafa a tsakiyar damina a rubuta duk inda ruwa ke tsattsafowa, da inda lambatun hanya ke juye ruwansa kan gangare, da inda aka sari gindin tudu don a sami filin gini. Waɗannan su ne tsagogin Coos Bay da hanyoyin Sarno na wurinka, kuma babu lissafin da zai nuna su in ba ka sa su da hannunka ba. Abin da ya rage sai a kai ɗakin gwaji, samfur biyu ko uku daga kowace shiyya, a gwada su a jiƙe, tunda a jiƙe suke faɗuwa. Jar ƙasar tuddai tana da tauri kamar bulo da rani, gwajin da aka yi mata a bushe yaudara ne.

Sannan kowace hanya ka bi, kada ka miƙa taswirar sai ka gwada ta da tabon da ke jikin tudun. Tattara tsofaffin wuraren da suka taɓa zaftarewa daga tsofaffin hotunan Google Earth da bakin dattawan gari, waɗanda za su ce maka shekarar da aka yi ruwan nan gonar wane ta sauko. Raba su biyu. Daidaita lambobinka da rabi, ka ɓoye ɗaya rabin. In ka gama, fito da na ɓoyen ka ƙirga nawa suka faɗa cikin ja, ka kuma ƙirga kashi nawa na tudun ka shafa wa ja kafin ka kama su. Lambobin nan biyu ka rubuta su a shafin farko na rahoton, kusa da juna.